Yadda Motsa Jiki Zai Zame Maka Jiki Ba Sai Ka Je Gidan Ɗaga Ƙarfe Ba

Sau biyu na biya kuɗin wata a gidan ɗaga ƙarfe, kuma sau biyun ban cika mako biyu ina zuwa ba. Wurin ya yi nisa da unguwarmu, sai na hau adaidaita sahu biyu kafin in isa. Kiɗan da suke sawa ya yi mini ƙara, kuma duk lokacin da na shiga na tarar da samari majiya ƙarfi a gaban madubi, sai in ji kamar ni kowa yake kallo. Na daɗe ina ɗauka ragonci ne ke damuna. Sai ranar da aka auna ni a asibiti aka ce jinina ya fara hawa, likita ya ce in riƙa tafiyar ƙasa, sannan na gane ashe ba motsa jikin na tsana ba, wurin ne bai karɓe ni ba. Yau shekara 6 ke nan ina yi ba tare da na sake taka ƙofar irin wannan gida ba, kuma na ɗora mai ɗakina da wasu abokan aikina a kan wannan hanyar da zan nuna maka.

Da yawa daga cikinmu a makaranta muka fara sanin motsa jiki, kuma a matsayin horo muka san shi: tsallen kwaɗo, kamun kunne, gwale-gwale a cikin rana. Shi ya sa har yanzu muke ganin in bai zo da wahala ba to ba a yi komai ba. Cire wannan daga ranka. Abin da za mu gina da farko sabo ne. Ƙarfi da raguwar tumbi za su biyo baya.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Takalmin kambas. Wannan ne kawai na ce ka kashe wa kuɗi, kuma na gwanjo ya wadatar muddin ƙasansa bai cinye ba. Je ka gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da za ka riƙa sawa. Ka bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannunka tsakanin ƙarshen yatsun ƙafa da bakin takalmin. In babu halin kambas yanzu, fara da takalmi mai maɗauri a dunduniya. Silifas dai ban yarda da shi ba, domin yatsu ne ke ta damƙarsa don kada ya fita, kuma tafiya mai sauri a cikinsa tana jawo ciwon dunduniya da tuntuɓe.

Tufafi marasa nauyi masu shan iska. Ba dole sai gajeren wando ba. Na san dattawan da jin nauyin sa gajeren wando kawai ya hana su fita. Jallabiya marar kauri ko riga da dogon wando sun isa. Mace ta sa wando mai yalwa da hijabi marar nauyi wanda bai kai ƙasa ba yadda zai harɗe ta.

Gorar ruwa, da agogo ko ƙaramar waya don duba lokaci.

Kalandar bango da jan biro. Kada ka raina wannan, za ka ga aikinta a gaba.

Tabarma, da kujera mai ƙwari wadda ba ta da taya. Dakalin ƙofar gida ma yana yin aikin kujerar.

Abin nauyi. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, don haka robar ruwa mai lita 1 da rabi ta ba ka kilo 1 da rabi, jarka mai lita 5 ta ba ka kilo 5. In ka cika su da yashi nauyin zai kai kusan ninki ɗaya da rabi na ruwa. Babbar jarkar 'yan garuwa mai lita 25 ba ta mai farawa ba ce, bar ta tukuna.

KAFIN KA FARA

In kana da ciwon zuciya, ko hawan jinin da bai sauka da magani ba, ko ciwon suga, ko sikila, ko asma, ko ka taɓa shanyewar ɓarin jiki, ko kuma kina da juna biyu, a fara gaya wa likita abin da ake shirin yi. Mai ciwon suga da ke shan magani ko yin allurar insulin ya riƙa fita da dabino ko alewa a aljihu, domin suga na iya faɗuwa a hanya, kuma alamarsa rawar jiki ce da gumi mai sanyi da jiri. Ya kuma duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu duk ranar da ya dawo, kada ya taɓa tafiya ba takalmi. Kowa kuwa, lafiyayye ko mai lalura, in ya ji ƙirjinsa ya ɗaure ko ya yi nauyi, ko ciwo na tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko numfashi ya gagara, ko ya ga duhu-duhu, ya tsaya nan take a kai shi asibiti. Wannan ba wurin nuna jarumta ba ne.

Ga inda muka dosa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan ya yi aikin ƙarfafa tsoka kwana 2 a mako ko fiye. Minti 150 shi ne minti 30 sau 5. Nan za mu kai, amma ba nan za mu fara ba.

MATAKI NA 1: ƊAURE SHI A JIKIN ABIN DA BA KA FASHINSA

A nan mafi yawan mutane suke faɗuwa tun ba a fara ba. Sai mutum ya ce "zan riƙa yi in na samu lokaci." Wanda ya ce haka kullum sai ya sake yanke shawara ko zai fita ko ba zai fita ba, kuma mai yanke shawara kullum, wata rana gajiya za ta yanke masa.

Mu da muke salla sau 5 a rana an riga an raba mana yini. Zaɓi salla ɗaya ka ce da zarar an idar da ita tafiya ce ke biye. Ni bayan Asuba na zaɓa. Ina zuwa masallaci da kambas ɗina, in na gama azkar gari ya fara haske, sai in miƙe hanya daga ƙofar masallacin. Ba na komawa gida da sunan sake kaya, don na gwada na gani: duk ranar da na shiga ɗaki na ga katifa, tafiyar ranar ta mutu. Wanda safiyarsa ta kai yara makaranta ce ko sammakon kasuwa, ya ɗauki bayan La'asar. Wanda ba ya tashi daga aiki sai dare, ya ɗauki bayan Isha'i in unguwarsu da haske da tsaro, ko ya yi a cikin gida. Wanda kuma ba salla ce ke raba masa yini ba, ya nemi wani abin da ba ya tsallakewa, kamar addu'ar safe ko dawowa daga rakiyar yara.

Faɗi abin a fili da cikakken bayani, ka rubuta shi a saman kalandar: "Bayan sallar Asuba, daga masallaci zuwa gidan mai in dawo, Litinin zuwa Alhamis da Asabar." Lokaci ɗaya, wuri ɗaya. Kada ka yi yau safe, gobe yamma, jibi dare a watannin farko.

In aikinka na canji ne, kamar ma'aikatan jinya da masu gadi da direbobi, ɗaure tafiyar a jikin tashinka daga barci ko da wane lokaci ne. Ka tashi, ka yi alwala ko ka wanke fuska, ka sha ruwa, ka sa takalmi.

MATAKI NA 2: ZAƁI HANYA, KA AUNA TA

Hanyar ta fara daga ƙofar gidanka ko ta masallacinku. Duk wurin da sai ka hau abin hawa kafin ka je, zai zama wani gidan ɗaga ƙarfen. Filin Sukuwa a Kano, ko Dandalin Murtala a Kaduna, ko harabar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wurare ne masu daɗin tafiya ga wanda yake kusa da su. Ga na nesa kuwa, ya bar su na ranar hutu. Haka hawan Dutsen Dala ko Goron Dutse, ka ajiye shi sai ka yi wata 2 ko 3 kana tafiya.

Ranar farko duba agogo, ka yi tafiyar minti 5, ka lura da inda ka tsaya, ko wata bishiya ko shagon wani. Wannan ce alamar juyawarka. In filin ƙwallo kuke da shi kusa, cikakken fili yana da tsawon kusan mita 105 da faɗin mita 68, zagaye 3 ya ɗan haura kilomita 1. Na makarantun firamare sukan fi haka ƙanƙanta.

A bakin titi ka bi gefen hagu, yadda za ka riƙa fuskantar motocin da ke tahowa kana ganinsu. In da sauran duhu sa riga mai haske. Kada ka toshe kunnuwa biyu da abin sauraro, masu babur ba sa jiran kowa. Babbar waya ta zauna a gida, masu ƙwace sun san lokacin da hanya ba kowa. In layinku akwai karnuka, sake layi ko ka riƙe sanda, kuma kada ka ruga in sun taso.

Sai matsalar da babu wanda ya gaya mini ita: gaisuwa. A unguwarku ba za ka yi taku 50 ba a tsayar da kai ba. Wannan ya tambayi iyali, wancan ya tsaya da mota ya ce, "Malam, lafiya kake tafiya a ƙasa? Shigo mu ƙarasa." Ban ce ka wuce dattijo ba gaisuwa ba, wannan ba tarbiyya ba ce. Rage sauri, ka ɗaga hannu ka gaida shi, ka ce, "Baba, motsa jini nake ɗan yi, zan dawo mu gaisa sosai." Bayan mako ɗaya kowa ya sani, sai dai a ɗago maka hannu a ce a dawo lafiya. In abin ya faskara, fuskanci bayan unguwa inda ba a san ka sosai ba.

MATAKI NA 3: MAKO BIYUN FARKO, MINTI 10 KAWAI

Minti 5 zuwa, minti 5 dawowa, kwana 5 a mako. Na san za ka ce wannan ai wasa ne. Za ka dawo gida kana jin da sauran ƙarfinka, kuma haka ake so. Mai farawa da awa guda a ranar farko wutar kara yake hurawa: kwana 3 yana ɗoki, rana ta huɗu cinyoyi sun yi tsami ko sujada da ƙyar, rana ta biyar ya ajiye takalmi. Na ga wannan ya fi a ƙirga. A hadisin da Nana A'isha ta ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya ce aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. A kan ibada aka faɗe shi, amma ban ga abin da ya fi shi dacewa da wannan harka ba.

Fara a hankali na minti 2 jiki ya ɗumama, sannan ka ƙara sauri. Ma'aunin saurin da ake so mai sauƙi ne: numfashinka ya ɗan ɗaga, kana iya amsa gaisuwa da cikakkiyar magana, amma ba za ka iya rera waƙa ba. In magana ta gagara sai haki, ka yi sauri da yawa. In kana son lissafi, ƙirga takunka na daƙiƙa 15. In ya kai 25, wato 100 a minti, kana kan hanya. Ɗaga kai, sassauta kafaɗu, bar hannuwa su yi lilo, kada ka goya su a baya irin tafiyar zagayen gona.

MATAKI NA 4: ƘARI KAƊAN-KAƊAN

Duk mako 2 ƙara minti 5. Mako na 3 da na 4 minti 15, na 5 da na 6 minti 20, na 7 da na 8 minti 25. A mako na 9 ka kai minti 30, kwana 5, ka cika minti 150 ɗin nan. In wani mataki ya yi maka nauyi, maimaita shi mako 2 kafin ka wuce. In minti 30 ba sa samuwa a haɗe, raba su: 15 da safe, 15 da yamma, duk lissafi ɗaya ne. Sauka daga adaidaita kafin a kai tashar da ka saba ka ƙarasa a ƙasa da sauri, wannan ma ya shiga.

Za ka ji ana maganar taku 10,000 a rana. Wannan adadi daga tallan wata na'urar ƙirga taku ya samo asali a Japan a shekarun 1960. Ba laifi ba ne in ka kai shi, amma kada ya tsorata ka, amfani yana farawa tun ƙasa da haka sosai.

Sassarfa ba dole ba ce. In bayan wata 3 ranka ya so, gwada sassarfar minti 1 da tafiyar minti 2 kana maimaitawa. Mai nauyin jiki ko ciwon gwiwa ya tsaya a tafiya, ko ya hau keke in yana da shi.

MATAKI NA 5: AIKIN ƘARFI, KWANA 2 A MAKO

Kada ka soma wannan sai a mako na 5, bayan tafiya ta zauna. Yi shi da zarar ka dawo, jiki da ɗuminsa, a zaure ko tsakar gida. Bar aƙalla kwana ɗaya tsakanin yi da yi, misali Litinin da Alhamis. Minti 10 zuwa 15 ya isa. Abubuwa 5 nake yi:

1. Zauna-tashi. Jingina kujera da bango don kada ta zame. Tsaya a gabanta, ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa. Tura ƙugu baya ka sauka a hankali har ka taɓa kujerar, sannan ka miƙe ba tare da dafa gwiwa ba. Dunduniya ta zauna a ƙasa, gwiwoyi kada su karkato ciki. Wannan shi ne zai sa ka riƙa miƙewa daga tabarma ba dafa bango idan shekaru sun ja.

2. Tura bango. Dafa bango da tafuka biyu daidai ƙirji, ja ƙafafu baya kamar taku 2. Lanƙwasa gwiwar hannu har ƙirji ya kusa bango, sai ka tura ka koma. Jiki ya miƙe sambal daga kai zuwa dunduniya. In ya yi sauƙi koma kan dakali, daga baya ka sauka ƙasa.

3. Hawa da sauka. A matattakalar farko ta bene ko wani dandamali marar tsawo da ba ya motsi. Hau da dama, sauko, ka gama adadinka, sannan ka koma hagu. Kada ka yi a kan bulon da ba a kafe ba.

4. Jan jarka. Dafa kujera da hannu ɗaya, ka sunkuya bayanka a miƙe, ka riƙe jarka da ɗayan hannun. Jawo ta zuwa ƙugu, ka sauke a hankali. Wannan na gadon baya ne, kuma masu yini a kan tebur ko keken ɗinki sun fi kowa buƙatarsa.

5. Ɗaga ƙugu. Kwanta rigingine a tabarma, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa. Ɗaga ƙugu har ya daidaita da gwiwa da kafaɗa, tsaya daƙiƙa 2, ka sauke.

Kowanne sau 8 zuwa 12. Makon farko zagaye ɗaya, bayan mako 2 zagaye 2, daga baya 3. In kana yin 12 ba tare da ka ji komai ba, ƙara nauyi. Fitar da numfashi lokacin da kake yunƙuri, kada ka riƙe shi, domin riƙe numfashi yayin ɗaga nauyi yana harba jini sama, kuma haɗari ne ga mai hawan jini.

Tsamin jiki washegari ko bayan kwana 2 ba komai ba ne, yakan wuce cikin kwana 3 zuwa 4, kuma tafiya a hankali tana sassauta shi. Amma ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko kumburi, wannan daban ne. Dakata da abin da ya jawo shi, in bai lafa ba a duba ka.

MATAKI NA 6: KALANDA DA DOKAR KWANA BIYU

Duk ranar da ka fita, yi wa ranar jan gicciye ko da'ira a kalanda, ka rataye ta inda mutanen gida suke gani. Yarana ne suka zama masu tambaya: "Abba, yau ba ka yi jan biro ba."

Dokar ita ce: fashin kwana ɗaya ba laifi, amma ba a haɗa biyu a jere a ranakun da ka ware. Ranar da ka tashi ba ka so, ko baƙi sun zo, ko ka kwana ba barci saboda zafi da rashin wuta, yi mafi ƙanƙanta: sa takalmi, yi minti 5, dawo, ja bironka na alama. Sau da yawa in ka fita za ka ƙarasa. In ba ka ƙarasa ba ma, sabon bai yanke ba.

Kada ka yarda da maganar cewa kwana 21 sabo yake kamawa. Wani bincike da aka yi a Landan aka fitar a 2009 ya nuna matsakaicin abin da mutane suka ɗauka kwana 66 ne, wasu 18 kacal, wasu har 254. Binciken ya kuma nuna tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Don haka in ka yi wata guda har yanzu da ƙyar kake fita, lafiyarka ƙalau, ci gaba.

MATAKI NA 7: ABOKIN TAFIYA

Mutum ɗaya, wanda kuke sahu ɗaya a masallaci ko kuke katanga ɗaya, kuma ƙarfinku ya zo kusa. Sanin cewa wani na tsaye yana jiranka ya fi kowace ƙararrawa tashin mutum. Taron mutum 6 kuwa yakan koma majalisa, a tsaya jiran wane, a ƙare a teburin mai shayi. Ku yi sharaɗi tun farko: in ɗaya bai fito ba cikin minti 5, ɗayan ya wuce.

IDAN FITA BA TA YIWUWA

'Yar'uwa, in ba kya samun fita, tsakar gida ta ishe ki. Auna tsawonta da taku. In ta kai mita 10, zuwa da dawowa sau 50 kilomita 1 ke nan. Da yake ƙirga yana gundura, kunna rediyo ko karatu ki bi agogo kawai. In ɗaki ɗaya ne, yi tafiya a tsaye wuri ɗaya kina ɗaga gwiwa, ki haɗa da hawa da sauka. Tsallen igiya yana da kyau ga mai ƙarfin gwiwa, a fara da daƙiƙa 20 ana hutawa, amma ba na mai jego ba ne ko mai nauyin jiki. Daka da jan ruwa a rijiya da wanki duk motsa jiki ne in sun ɗaga numfashi, sai dai yanzu inji da famfo sun ɗauke rabinsu a birni, shi ya sa ake buƙatar ware lokaci. Mafi dacewa shi ne bayan yara sun tafi makaranta, kafin a ɗora girkin rana. Mai ciki ta tambaya a wurin awo, yawanci in babu matsala ana son ta riƙa tafiya. Wadda aka yi wa tiyata ta jira izinin likita.

Ina kuma roƙon magidanta. Hawan jini da suga ba su san mace tana cikin gida ba. Saya mata takalmi, riƙe mata yara na minti 20, ko ku fita tare bayan La'asar. Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi tsere da Nana A'isha, ba abin kunya ba ne.

YANAYI DA AZUMI

A bazara, musamman Maris zuwa Mayu, zafi yakan kai digiri 40 ko ya wuce a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Fita da sassafe kawai ko gab da Magariba. Sha ruwa kafin ka fita da bayan ka dawo. In fitsarinka ya yi duhu, ruwa bai ishe ka ba. Mai sikila ya fi kowa kiyaye wannan.

A hunturu sanyi ne ke riƙe mutum a bargo. Sa riga biyu marasa kauri yadda za ka cire ɗaya in ka ɗumama, ka ƙara mintunan farawa a hankali. Ranar da hazo ya yi kauri sa takunkumi, mai asma kuma ya yi nasa a ɗaki. Shafa mai a dunduniya don kada kaushi ya tsage ta.

Da damina, ranar ruwa ranar cikin gida ce. Kada ka ratsa ruwan da ya rufe hanya, ba ka san inda kwata take a buɗe ba, kuma in ana walƙiya da tsawa bar fili.

Da azumi rage, amma kada ka daina. Minti 15 zuwa 20 a hankali gab da shan ruwa, ko kuma tafiyarka ta kullum bayan Tarawihi, aikin ƙarfi ma ka mayar da shi dare. Mai ciwon suga kada ya motsa jiki da yamma yana azumi sai da shawarar likitansa. Wajen da aka fi yankewa shi ne makon Salla, don haka tun kafin a ga wata ka sa alama a kalanda ranar da za ka koma lokacinka na da.

KURAKURAN DA NA FI GANI

Naɗe ciki da leda ko sa rigar sanyi a cikin zafi wai don kitse ya narke. Gumi ruwa ne da gishiri, da ka sha ruwa nauyin ya dawo, kuma kana iya faɗuwa. Haka kwanciya rigingine ana ta tasowa zaune sau 100 don tumbi ya tafi: yana ƙarfafa tsokar ciki, amma kitse ba ya barin wuri ɗaya don an matsa wa wurin.

Hawa sikeli kullum. Nauyi yana jinkirin sauka, kuma abinci ne ke da kaso mafi girma a cikinsa. In ka yi minti 30 ka zauna ka sha shayi mai kauri da cokali 4 na sukari da burodi da lemon kwalba, ka mayar da fiye da abin da ka ƙona. Ari tef ɗin tela ka auna cikinka a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu sau ɗaya a wata. Abin da ake so kada awon ya kai rabin tsayinka. Sannan lura da abubuwan da suke zuwa da wuri: barci mai nauyi, hawa bene ba haki, tsayuwar salla ba ciwon baya. Kuma in awon jininka ya yi kyau, kada ka ajiye magani da kanka, kai wa likita sakamakon shi ya yanke.

IDAN KA YANKE

Za ka yanke. Zazzaɓin cizon sauro, tafiya, rasuwa, biki, ɗaya daga ciki zai ɗauke maka mako 2 ko wata. Ni ma ya faru da ni fiye da sau ɗaya, mafi tsawo kusan wata 2 bayan wata jinya. In zazzaɓi ne, kada ka fita da shi a jiki, gama maganinka, ka bari ƙarfi da cin abinci su dawo. Sannan kada ka koma inda ka tsaya. In fashin bai wuce mako 2 ba, fara da rabin mintunanka ka cike cikin mako guda. In ya kai wata, koma minti 10 ko 15 da zagaye ɗaya na aikin ƙarfi, kana ƙara minti 5 duk mako maimakon duk mako 2, domin jikin da ya taɓa sabawa yana saurin dawowa. Kada ka jira Litinin ko farkon wata. Daren da ka ji ka warware, kira abokin tafiyarka ka ce masa gobe kana nan, ka cika gorar ruwa, ka ajiye kambas da safa kusa da butar alwala.